Tarihin Likita Walter Miller da cocin ƙasa na Wusasa

A garin Wusasa da ke bayan ganuwar birnin Zariya, kusa da dutsen Kufena, akwai wani tsohon coci da aka gina da jar ƙasa da azara a shekarar 1929.

Baƙon da ya shiga cikinsa ya ɗaga kai ya ga bakan gizon da ke riƙe da rufin, zai iya ɗauka cewa a soron wani basarake yake, ko kuma a ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan ƙasar Hausa.

Wannan shi ne cocin St. Bartholomew, wanda tarihinsa ke haɗe da na wani Bature ɗan ƙasar Ingila mai suna Walter Miller, wanda Zagezagi suka fi sani da Likita Mila.

Abin mamakin shi ne, mutumin da aikinsa ya haifar da wannan coci bai goyi bayan komawa Wusasa ba, kuma bai zauna ya yi aiki a can ba.

Likita Miller ya shafe kusan shekaru hamsin yana hulɗa da Hausawa. Har yanzu masana tarihi na da sabanin ra'ayi game da shi: wasu na kallonsa a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa harsashin karatun boko a arewacin Najeriya, wasu kuma na ganinsa a matsayin ɗan rakiyar mulkin mallaka wanda ya yi wa sarakuna da addinin jama'a shisshigi.

Tasowarsa

An haifi Walter Richard Samuel Miller a shekarar 1872 a yankin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila.

Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke birnin Landan, ɗaya daga cikin asibitoci mafiya daɗewa a Birtaniya, wanda sunansa ya yi daidai da na cocin Wusasa.

A lokacin da yake ɗalibi, labarin ƙasar Hausa ya fara yaɗuwa a majami'un Ingila.

Tun kafin nan wani Bajamushe mai suna James Frederick Schön ya wallafa littattafai a kan harshen Hausa, da taimakon wani matashi Bahaushe mai suna Dorugu.

Haka kuma wani limamin Kirista, Charles Robinson, ya ziyarci birnin Kano a tsakiyar shekarun 1890, ya kuma koma gida ya rubuta labarin kasuwar birnin da yawan jama'arsa.

Irin waɗannan rubuce-rubuce ne suka sa 'yan mishan da dama suka yi zaton cewa Hausawa ba su riƙi Musulunci da ƙarfi ba, kuma da zarar an karya ikon sarakunan Fulani za su karɓi addinin Kirista. Abin da ya biyo baya ya nuna cewa wannan lissafi kuskure ne.

Bayan kammala karatunsa, Miller ya shiga ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wato CMS, wadda ta tura shi birnin Tarabulus na ƙasar Libiya ta yanzu, domin ya koyi Hausa.

A wancan zamani Tarabulus mashiga ce ta ayarin raƙuma masu ratsa hamadar Sahara daga Kano, saboda haka akwai fatake da alhazai da bayi masu jin Hausa a birnin.

A can ne ya gamu da wani yaro ɗan asalin Katsina mai suna Abdulmajid, wanda mahaifinsa ya rasu a kan hanyarsu ta zuwa aikin hajji. Daga baya yaron ya zama ɗan riƙonsa, kuma ya taimaka masa wajen ƙwarewa a harshen.

Tafiya zuwa Kano

A farkon shekarar 1900 ne wata tawaga ta Turawa biyar ta tashi daga Legas zuwa Kano, a ƙarƙashin jagorancin Bishop Herbert Tugwell. Miller ne likitan tawagar.

A ranar 1 ga watan Janairun wannan shekara ne Frederick Lugard ya ɗaga tutar Birtaniya a Lakwaja, ya kuma ayyana arewacin Najeriya a matsayin yankin da ke ƙarƙashin kariyar ƙasarsa. To amma a zahiri Kano da Katsina da Sakkwato duk suna hannun sarakunansu.

Tawagar ta yada zango a Zariya, inda Sarkin Zazzau Muhammadu Kwasau ya karɓe ta, sannan ta wuce Kano a watan Afrilu.

Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, bai yi maraba da su ba. Ya gana da su a fadarsa, ya ƙi ba su izinin zama, ya kuma umarce su da su bar birnin cikin 'yan kwanaki.

A ganin fadar Kano, babu wani bambanci tsakanin Turawan da suka zo da littafi da waɗanda ke tafe da bindiga daga kudu.

Tawagar ta ja da baya zuwa garin Girku da ke kudu da Zariya, inda ɗaya daga cikinsu, Claude Dudley Ryder, ya rasu sakamakon rashin lafiya. Sauran ma ciwo ya galabaitar da su, har ta kai tafiyar ta watse.

Shekaru uku bayan haka, a watan Fabrairun 1903, sojojin Birtaniya suka ci birnin Kano da yaƙi, kuma a watan Maris suka shiga Sakkwato.

A Sakkwato ne Lugard ya yi alkawarin cewa gwamnatinsa ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. Wannan alkawari ne jami'an mulkin mallaka suka riƙa dogara da shi wajen hana 'yan mishan shiga biranen masarautu, kuma shi ne ya zama babban shingen da Miller ya yi ta karo da shi har ƙarshen aikinsa.

Zama a birnin Zazzau

Duk da abin da ya faru a Kano, Miller ya sake dawowa ƙasar Zazzau.

A shekarar 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, ya samu izinin zama a cikin birnin Zariya, inda aka ba shi fili a unguwar Durumin Maigarke.

Wannan dama ce da babu wata ƙungiyar mishan da ta samu irinta a manyan biranen ƙasar Hausa a wancan lokaci.

A nan ya buɗe ɗakin shan magani da kuma makarantar yara maza. Ya riƙa sanya riga irin ta Hausawa, kuma waɗanda suka yi zamani da shi sun shaide shi da iya harshen fiye da akasarin Turawan da suka zauna a arewa.

Tun a 1901 ya wallafa wani ɗan littafin koyon Hausa mai suna Hausa Notes, wanda jami'an mulkin mallaka suka riƙa amfani da shi.

Miller na daga cikin waɗanda suka matsa wa Lugard lamba a kan a riƙa rubuta Hausa da haruffan Romawa a harkokin gwamnati, maimakon ajami wanda malamai suka daɗe suna amfani da shi.

Wannan rubutu ne jama'a suka kira boko, kalmar da masana harshe suka nuna cewa asalinta Hausa ce, mai nufin abin da ba na gaskiya ba. Sunan kansa ya isa ya nuna irin kallon da aka yi wa sabon karatun.

Ya kuma gabatar wa Lugard shirin kafa makarantar 'ya'yan sarakuna da ta malamai a Zariya. Shirin bai yi nisa ba, saboda iyaye sun yi fargabar za a sauya wa 'ya'yansu addini, sannan gwamnan da ya gaji Lugard, Percy Girouard, bai amince a damƙa ilimin Musulmi a hannun 'yan mishan ba.

A maimakon haka gwamnati ta ɗora wa Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, alhakin buɗe makarantar Nasarawa a Kano a shekarar 1909. Shi kansa Vischer da aikin mishan na CMS ya fara shigowa ƙasar.

Isawa da ƙauyen Gimi

A shekarun farko, mutanen da suka karɓi addinin Kirista a hannun Miller ba su taka kara sun karya ba. Mafi yawan waɗanda ke gidansa yara ne marayu da 'yantattun bayi.

Lamarin ya ɗan sauya a shekarar 1913, lokacin da wasu mutane da ake kira Isawa suka zo wurinsa.

Tarihin Isawa ya samo asali ne daga Kano, daga wani malami mai suna Malam Ibrahim, wanda ya riƙa fifita matsayin Annabi Isa a cikin karatunsa na Alƙur'ani.

An kashe shi a kasuwar birnin a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, bayan an same shi da laifin kauce wa koyarwar addini. Mabiyansa sun warwatsu zuwa ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Zazzau da Ningi.

Wasu daga cikin zuriyar waɗannan mabiya ne suka amince su zama Kirista, aka kuma kafa musu ƙauye a Gimi, a ƙarƙashin kulawar wani limami baƙar fata daga yankin Karibiyan mai suna W. A. Thompson.

Ƙauyen bai daɗe ba. Cutar barci, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, ta hallaka da dama daga cikin mazaunansa, har aka tilasta wa waɗanda suka rage barin wurin.

Yaran da suka tsira ne suka cika makarantar Miller da ke Zariya, kuma daga zuriyarsu ne aka samu wasu daga cikin fitattun iyalan Hausawa Kirista.

Takun-saƙa da fada

Dangantakar Miller da Sarki Aliyu ɗan Sidi ta fara ne da mutunta juna, amma ta ƙare da gaba.

Miller ya riƙa kai ƙorafi ga jami'an Birtaniya, yana zargin sarkin da zalunci da kuma ci gaba da harkar bayi a asirce.

A shekarar 1920 Turawa suka sauke sarkin daga gadon mulki, suka kai shi Lakwaja, inda ya rasu bayan 'yan shekaru. Wasu masana tarihi na ganin cewa rahotannin Miller na cikin abubuwan da suka kai ga hakan.

Aliyu ɗan Sidi malami ne, kuma ɗaya daga cikin manyan marubuta waƙoƙin Hausa na zamaninsa. Saboda haka cire shi ya bar tabo a zukatan Zagezagi da dama, ya kuma ƙara musu shakku game da gidan mishan da ke tsakiyar birninsu.

Su ma jami'an mulkin mallaka ba su ji daɗin Miller ba. Ya kasance mai sukar tsarin mulki ta hannun sarakuna, yana mai cewa ya ba masu sarauta ƙarfin da ba su da shi a da, ya kuma bar talakawa cikin jahilci da danniya.

Al'amura sun ƙara dagulewa a shekarun 1920, bayan da 'yar'uwarsa Ethel Miller, wadda ita ma 'yar mishan ce, ta wallafa wata ƙasida da ta soki addinin Musulunci, abin da ya fusata Musulmi ya kuma tayar wa gwamnati hankali.

Daga nan fada da gwamnati suka haɗu a kan matsayi guda: lallai mishan ya fita daga cikin ganuwa.

Komawa Wusasa

A daidai wannan lokaci ne wasu matasan 'yan mishan da suka yi karatu a jami'ar Cambridge suka iso Zariya. Daga cikinsu akwai Guy Bullen, da kuma Max Warren wanda rashin lafiya ta mayar da shi gida da wuri, amma daga baya ya zama babban sakataren CMS.

Matasan na ganin cewa filin da ke cikin birni ya yi ƙunci, kuma ba za a iya gina asibiti da makarantu na sosai ba sai an samu sarari.

Shi kuwa Miller yana ganin cewa barin birnin tamkar miƙa wuya ne, da kuma watsar da damar da ya sha wahala kafin ya samu.

Ra'ayin matasan ne ya yi rinjaye. A shekarar 1929, zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim ɗan Kwasau, aka mayar da mishan ɗin Wusasa, inda aka gina coci da makaranta da kuma asibitin da ake kira St. Luke.

Tsarin ginin

Guy Bullen ne ya jagoranci aikin gina cocin, amma magina Hausawa ne suka ɗora shi, da kayan aiki da dabarun da suka gada daga iyayensu.

An yi bangon ne da tubali, wato curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, sannan a jera shi a bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Irin wannan bango yakan yi kauri daga ƙasa ya riƙa sirancewa zuwa sama, kuma kaurin nasa ne ke hana zafin rana ratsawa cikin ɗaki.

Babbar matsalar mai gini da ƙasa ita ce rufi. Azara, wadda ake tsagawa daga itacen giginya, tana da ƙarfi kuma gara ba ta cinta da sauƙi, amma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar da ke tsakanin bango da bango ta yi yawa.

Dabarar da maginan Hausa suka ƙirƙiro ita ce bakan gizo. Ana dasa azara a cikin bango hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan zarce na ƙasansa yana karkata zuwa tsakiya, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama.

A kan waɗannan bakuna ne ake shimfiɗa gajerun azara, a bi su da zana ko tabarma, sannan a zuba ƙasa. Da haka ake samun ɗaki mai faɗi da tsawo wanda zai ɗauki jama'a masu yawa.

Wannan ita ce fasahar da ta kai ƙololuwa a masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Maginan Wusasa sun yi amfani da ita wajen samar da doguwar farfajiyar da tsarin ibadar cocin Ingila ke buƙata.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan arewacin Kano, kamar na ƙasar Ɗambatta ko Bichi ko Minjibir, ya san sharaɗin irin wannan gini: sai an riƙa yi masa yaɓe, ana gyara indararo kafin damina, in ba haka ba ruwan sama ya cinye shi.

Saboda haka tsayuwar cocin har ya doshi shekaru ɗari alama ce ta kulawar da mabiyansa suka riƙa ba shi, a daidai lokacin da siminti da kwanon rufi suka kawar da mafi yawan manyan gine-ginen ƙasa a birane da ƙauyuka.

A ƙarshen shekarun 1990 Wusasa ta samu bishop nata na ɗarikar Angilika, aka kuma ci gaba da kiran babbar majami'ar yankin da sunan St. Bartholomew.

Shi kuwa Guy Bullen, an naɗa shi mataimakin bishop na Masar da Sudan a 1935, ya kuma rasu a wani haɗarin jirgin sama a kudancin Sudan a 1937.

Fassarar Littafi Mai Tsarki

Miller bai bi sauran zuwa Wusasa ba. Ya koma Kano, birnin da aka kore shi kusan shekaru talatin da suka gabata, ya mayar da hankali ga aikin fassara.

A shekarar 1932 aka wallafa cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a karon farko. Ko da yake 'yan mishan na wasu ƙungiyoyi kamar SIM da SUM da kuma mataimaka Hausawa sun sa hannu, Miller ne ƙashin bayan aikin.

Tasirin fassarar ya fi bayyana ne a wuraren da shi kansa bai yi niyya ba. A yankunan Filato da kudancin Kaduna da Adamawa, inda ake da harsuna barkatai, Hausa ta zama harshen wa'azi da waƙa a majami'u.

Da ita ne kuma aka yi amfani a ƙananan majami'un Maguzawan karkarar Kano da Katsina, da kuma asibitocin kutare da 'yan mishan suka gudanar, irin na Yadakunya da ke kusa da Kano.

An ci gaba da karanta wannan fassara har zuwa ƙarshen shekarun 1970, lokacin da aka fitar da sabuwa.

Ƙarshen rayuwarsa

Miller ya ajiye aiki da CMS a 1935 ya koma Ingila, inda ya wallafa littafin tunawa da aikinsa mai suna Reflections of a Pioneer a 1936.

To amma bai iya zama a can ba. Ya dawo Najeriya, ya zauna a yankin Filato, ya ci gaba da koyarwa da rubuce-rubuce.

A 1947 ya fitar da wani littafi mai suna Have We Failed in Nigeria?, wanda a cikinsa ya tuhumi Birtaniya da barin arewa a baya ta fuskar ilimi.

Ya rasu a garin Bukuru da ke kusa da Jos a shekarar 1952, yana da shekaru 80 da haihuwa.

Abin da ya bari

Idan aka auna Miller da burin da ya baro Ingila da shi, wato mayar da Hausawa Kirista, to bai cimma nasara ba. Biranen Kano da Zariya da Katsina sun ci gaba da zama cibiyoyin Musulunci, kuma Hausawan da suka bi shi 'yan ƙalilan ne.

Sai dai ƙaramar al'ummar da ta tashi daga makarantarsa ta taka rawar da ta fi yawanta.

Daga cikinta ne aka samu Dokta Russel Aliyu Barau Dikko, likitan zamani na farko daga arewacin Najeriya, wanda ya yi karatu a jami'ar Birmingham, ya kuma shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta. Da sunansa ake kiran asibitin koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna.

Akwai kuma Farfesa Ishaya Audu, wanda ya fito daga zuriyar Isawa, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, kafin ya zama ministan harkokin waje a 1979.

A Wusasa ne kuma Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Najeriya daga 1966 zuwa 1975, ya tashi ya kuma fara karatu, kasancewar mahaifinsa mai wa'azi ne a can.

Masu sukar Miller na cewa kusancinsa da harkar mulki da kuma yadda ya haɗa makaranta da wa'azi na cikin dalilan da suka sa iyaye da dama a arewa suka daɗe suna gudun karatun boko.

Masu kare shi kuma na nuni da cewa ya tsaya wa bayi da talakawa a lokacin da gwamnatin ƙasarsa ta zaɓi ta kawar da kai.

A Wusasa dai, inda Musulmi da Kirista ke zaune a unguwanni guda, wasunsu ma 'yan dangi ɗaya, ana ci gaba da gudanar da ibada da harshen Hausa, kuma tsohon ginin da magina Hausawa suka ɗora a 1929 na nan tsaye.